Man Kulzira Ya Yi Barci a Tanki

"Lafiya lau, in ka cire ciwon gwiwa da ganin fuskarka da sassafe," in ji tsoho Kenjebai, yana tsaye a bakin ƙofa cikin rigarsa ta fatar tunkiya. "Yaya mutanen gidanku, ɓarayin gari?"

"Suna gaishe ka, Ata. Sun ce in duba ko da sauran abin ɗauka."

Jaras ke nan, ɗan 'yarsa, mai kiransa Ata, wato kaka, ƙato da mata da 'ya'ya, amma har yau in ya shigo gidan nan idonsa kan kayan mutane yake. Kuma ba mai hana shi. A al'adar ƙabilarsu ta Kazak, jikan da 'ya mace ta haifa in ya ɗora hannu kan abu a gidan kakansa ya zama nasa, ko da doki ne. Bayan girbi sai ya ɗora hannu kan kwalaben tsohon man suya da marigayiya Kulzira, matar Kenjebai, ta tara a ɗakin ajiya. Ya tace man, ya dafa shi da sodar sabulu da wani sinadari mai warin tsiya, ya bar dauɗar ta kwanta, ya ɗura a tankin tsohuwar a-kori-kurarsa. Wai shi da sayen dizal har abada.

Yau kuwa wannan motar ce za ta kai Kenjebai kabarin Kulzira, a maƙabartar danginsu can bayan dutse. Tun da aka binne ta bai koma ba. Duk lokacin zafi yana cewa gobe, yana fakewa da gwiwa, alhali zuciyarsa ce ta kasa. Yanzu ga gajimare ya yi baƙi a kan dutse. Da dusar ƙanƙara ta sauka hanya ta rufe ke nan sai bazara in ta narke, shi kuma a shekarunsa ya daina yi wa kansa alkawarin bazara.

Motar a tsakar gidan ta kwana don a yi sammako. Jaras ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta yi shiru.

"Wannan tarin naka ne, Ata. Kwana guda ta yi a gidanka ta ɗauka."

"Wanda aka ciyar da kayan sata ai dole ya ƙware."

"Wane sata? Gadona na ci tun kana raye, tunda na ga ba ka da niyyar tafiya."

"Ina zan tafi in bar maka gida? Ko hular kaina ba za ta kwana ba."

"Hular nan kam na daɗe ina kallonta. Ta gaji da zama kan sanƙo."

Kenjebai ya ƙara danna hularsa ta gashin dila, ya ce ya dai tayar da tarkacensa su kama hanya. Jaras ya buɗe gaban motar, ya kwance matatar mai, sai dariyarsa ta ɗauke. Man ya yi barci, fari fat kamar man shanu, har da cokali sai a ɗebe shi. Ya rantse da Allah duk bayan girbi da shi yake yawo lafiya. Ya ce don sanyin nan ma ya guji kitse ya nemi man girki zalla, tunda kowa ya san kitse ne ke daskarewa tun sanyi bai yi nisa ba.

Tsohon ya matso ya lakato da yatsa, ya murza, ya sansana. Bai ma buƙaci sansanawar ba.

"Kitsen wutsiyar rago ne," ya ce. "Kakarka ba ta taɓa ɗora mai a wuta ba sai ta jefa ɗan yanki. Cewa take man kanti ba shi da rai."

"Ka san da haka?"

"Na sani."

"Ka kuma bar ni na kwashe, ba ka ce uffan ba?"

"Ka tambaya? Ka faɗo ɗakin ajiya kamar gobara, ka fita kana fito."

Ya faɗa ne cikin zolaya, amma bai faɗi duka ba. Gaskiyar ita ce ranar da aka fita da kwalaben nan ransa ya ɓaci ƙwarai. Kayan hannunta ne, ko ƙurar da ke kansu ba ya son a goge. Al'ada ta hana shi cewa a'a, sai ya rama da shiru, yana cewa a ransa bari sanyi ya zo, ɗan banzan ya ji kunya a tsakiyar kasuwa. Bai taɓa kawowa ranar kunyar za ta zama ranar tafiyarsa ba. Kai, da-na-sani ya kama shi.

Suka duƙufa. Jaras ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin tanki, Kenjebai ya dinga jigilar butar shayi yana kwarara ruwan zafi kan bututun mai. Suka juye kananzir ɗin fitilun gidan duka a ciki. Bakinsu dai bai huta ba. Jikan ya ce da Kulzira ta jira shi ya girma da ba ta ƙare da mai sanƙo ba, kakan ya ce ta gan shi tsirara a kwanon wanka ta ce Allah ya kiyaye. Amma kowanne in ya juya sai ya saci kallon dutsen.

Bayan azahar kan dutsen ya ɓace cikin fari. Hanyar da ke hawa kamar zare ta shafe, ana kallo. A daidai lokacin, don tsabar wulaƙanci, motar ta tashi.

Jaras ya leƙo ta taga. Wasan ya fita daga fuskarsa. "Hau mu gwada, Ata. Inda ta tsaya in goya ka."

"Ka goya ni mu gangara rami tare? Gwauro ɗaya ya ishi dangin nan, ba sai an ƙara da bazawara ba."

"Laifina ne."

"Rufe mini baki. Wata nawa hanya tana buɗe ina zaune?"

Ya juya zai shiga ɗaki, sai ya tsaya cak. Hayaƙin salansar motar ya cika tsakar gidan, kuma ba warin dizal yake ba. Ƙamshin shelpek ne, gurasar nan da Kulzira ke soyawa duk Juma'a a raba sadaka, har da ɗan ƙaurin kitsen nan nata. Tsofaffi suna cewa ƙamshin mai a wuta ranar Juma'a yana isa ga waɗanda suka riga mu. Tun rasuwarta ba a ɗora kaskon suya a gidan nan ba. Yau kuma Juma'a ce.

Jaras ya kai hannu zai kashe motar.

"Bar ta," in ji tsohon.

Ya ɗaga hannuwa a bayan wannan tarkacen mota, hayaƙi na dukan gemunsa, ya karanta Fatiha ya yi wa matarsa addu'a. Ya daɗe bai shafa ba. Da ya shafa, ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido, jikan kuma bai musa ba.

"Ita da take cewa ko ƙwai ba ka iya soyawa ba," in ji Jaras a hankali, "yau ga shi ka tashi unguwa da ƙamshi."

Dariya ta ƙwace wa Kenjebai, gajera, mai haɗe da tari. Ya cire hular gashin dilan ya kifa wa jikan a kai, sanƙonsa yana karɓar dusar farko.

"Ungo, kafin ka sace. In bazara ta same ni, ka kai ni wajenta. In ba ta same ni ba, ai duk da haka kai ne za ka kai ni. Ka dai tace kitsen, kada ka sa ta sake jira."