Fiya Wata a Aljihun Gola

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kara da 'yan kamfanin fatu na Challawa ba. Ko na so mantawa, abokan aikina ba za su bari ba.

Ni ne golan kamfaninmu na biskit da ke Sharada. Abin da ba su sani ba a lokacin, ina fama da wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba: da sanyi ya ratsa ni, sai garkuwar jikina ta juya tana farfasa jinina. Yatsu su yi duhu, jiri ya kama ni, numfashi ya yi wuya. Likita ta ce in ci gaba da motsa jiki, amma ni da ƙanƙara sai dai hange. Na ɓoye, don na san da kocinmu Malam Habu ya ji an ce ƙarancin jini, a benci zai ajiye ni. Ni kuwa bakin ragar nan ne kaɗai inda nake manta cewa ni majinyaci ne. (Gola ma na zaɓa don ba mai tambayarsa dalilin safar hannu da dogon wando ana tsakar zafi.)

Da aka tafi hutun rabin lokaci, sai ga Alhaji manajanmu da kula cike da fiya wata, daskararre kamar dutse, yana rabawa da kansa. Ya miƙo mini. Wa ya isa ya mayar da hannun babba a gaban jama'a? Na rusuna na karɓa hannu biyu.

"Sha mana, gola. Yau ka fi kowa aiki."

"Ranka ya daɗe, bari ya ɗan narke."

Na zura a aljihu da niyyar jefarwa a bayan raga. Sai Alhaji ya sa aka kai masa kujera daidai bayan ragar, wai zai ƙarfafa mini gwiwa. Haka na yi ta tsaron gida, cinya ta mutu murus, ina addu'ar kada gobe ta same ni a asibiti.

Ana dab da tashi aka ba 'yan Challawa fenariti. Na ware ƙafafu, na durƙusa irin na manyan gololi, sai na ji fus! Leda ta fashe. Ruwa ya biyo wando, ya taru tsakanin ƙafafuna. Mai bugun ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Haba yallaɓai, ai ban ma buga ba tukuna."

Dariya ta sa ya buga waje. Alhaji kuwa ya kawar da kai yana salati.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ko dai a san ni da ciwo, ko a san ni da fitsarin tsoro. Da aka tashi na zaro ledar, na faɗa wa mutanenmu komai.

Malam Habu ya ce, "To ina ruwan ciwonka da raga? Ran da ake sanyi ka huta, sauran ranaku naka ne."

Alhaji ya ce, "Da ka ce ba ka sha, ai da wani na ba."

Na yi 'yan kwanaki a kwance, na dawo na tarar da ragata tana jirana. Yanzu in babba ya miƙo abin da zai cuce ni, godiya nake yi in ce ba na sha. Wannan kunyar nan take take wucewa. Waccan kuwa, har yau da an ba da fenariti sai na ji wani ya ɗaga murya: "A kawo wa gola bokiti!"