Jami'a a Ɗakin Kaka

"Lafiya lau, Kaka, da godiya. Au, ashe kin sake kwana? Ni da na ji shiru da asuba, har na fara duba abin da zan gada."

"Na kwana, na tashi, na yi ɗinki, duk kana can kana minshari kamar injin niƙa. Shigo, mijin banza, mijin da bai san hanyar kasuwa ba. Amma wanke hannu tukuna, ga sabulu nan bakin ƙofa."

Tun da annoba ta sa aka rufe jami'a, aka ce kowa ya yi karatu daga gida ta kwamfuta, ɗakin Kaka ya zama aji. Ba don son Kaka ba. A duk gidan nan ne kawai sabis na intanet yake kamawa, shi ma sai an zauna jikin taga, tsakanin akwatin ƙarfe da keken ɗinki. Jikan nata, wanda take kira Furofesa tun yana ƙarami saboda yawan surutu, yana shekarar ƙarshe a fannin ilimin duwatsu. Ita kuwa tela ce da ta daɗe da ajiye aiki, annoba ta maido ta kan keke, tana ɗinka wa wani kantin magani takunkumi. Kullum da safe haka suke, shi da abin sauraro a kunne, ita da ƙafa a kan feda, kowa yana cewa ɗayan ne ke hana shi aiki.

"Yau ma jami'ar a ɗakina za ta wuni?" in ji Kaka.

"Lacca ce, Tsohuwa, ƙarfe tara."

"To ka gaya wa shugabanku ina bin sa kuɗin haya. Taga tawa, kujera tawa, wuta tawa, har shayin da ɗalibin yake sha nawa ne. Shi me ya kawo?"

"Ilimi."

"Ilimin dutse! Shekara da shekaru ana biyan kuɗi don ka kalli dutse. Ni da ban je ko'ina ba na san in ya faɗo maka a ƙafa da zafi."

"Mu abin da ke cikinsa muke gani. Zinariya, ƙarfe, ruwan da ke ƙarƙashinsa. Har shekarunsa muna iya faɗa."

"To faɗi nawa."

"Naki sai an aika ƙasar waje. Na'urarmu iyakarta shekara miliyan."

"Ɗan nema! Da wannan bakin za ka ciyar da ni?"

"Ai na sake ki tun bara, ke ce kika ƙi fita."

"In fita daga ɗakina? Kai ne ɗan haya, Furofesa."

Ya zauna jikin taga, ya ɗora kwamfutar a kan akwati. Kaka ta lashi bakin zare, ta ƙanƙance ido, ta zura shi a allura tashi ɗaya, sannan ta dube shi don ta tabbata ya gani.

"Wai ina malamin nan mai tari? Na daina jin sa."

"An sallame shi. Sun ce kuɗin da gwamnati ke ba jami'a ya ragu, dole su rage ma'aikata."

"Yarinyar nan fa mai nuna muku duwatsu a faranti?"

"Ita ma. An rufe ɗakin gwajin."

"Aikin da kake yi musu na jera littattafai, wanda kake samun na sabulu?"

"Laburaren ma a kulle yake."

"An rage malami, an rage ɗaki, an rage littafi. To alhamdu lillahi, kuɗin makaranta ma an rage ke nan."

"An ƙara."

"Wannan wane irin ɗinki ne? A rage yadi, a ƙara kuɗin riga?"

"Sun ce kayan koyarwa ta intanet suna da tsada."

"Kayan koyarwar ai tagata ce. Ni ya kamata a ba ƙarin."

"Zan rubuta musu. Yanzu ki yi shiru, an fara."

Ya sa abin kunne, ya tsura wa kwamfutar ido, ya shiga gyaɗa kai. Kaka ta taka keke. Tsohon keke ne mai ƙara, in yana gudu har kofin shayi rawa yake yi a kan akwati. Ta taka, ta ƙara takawa, ta haɗa da waƙa da wata murya da ko a ƙuruciyarta ba a yaba ba. Furofesa bai ko waiwayo ba. Sai ta ɗauke ƙafa.

"Furofesa."

Ya ci gaba da gyaɗa wa kwamfutar kai.

"Na san kana ji na."

"Ina lacca, Kaka."

"Me malamin yake cewa?"

"Yana bayanin yadda dutse ke narkewa a cikin ƙasa."

"Jiya ma da na tambaye ka shi ne yake narkewa. Shekaranjiya ma. Wannan dutse har yanzu bai gama narkewa ba?"

"Babba ne."

"Juyo mini da allon in gaishe shi."

"Ba ya gaisawa da tsofaffi. Annoba."

Kaka ta cire tabarau, ta goge shi da bakin zane.

"Tun farkon zangon nan, da na taka keke sai ka ɗaga mini hannu kamar ɗan sandan hanya. Kaka tsaya zan yi magana. Kaka tsaya ana tambayata. Kaka kin sa 'yan aji suna cewa a masaƙa nake zaune. Har wuyana ya saba da kallon hannunka. Tun makon jiya ban ga hannun nan ba. Jiya ko zare ban sa ba, na yi ta taka keke haka nan don in gani, kai kuwa kana ta gyaɗa wa baƙin gilashi kai kamar ƙadangare."

Furofesa ya zare abin kunnen a hankali. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a iya rufewa da zolaya. Ya juyo da kwamfutar. Babu malami, babu aji, sai ɗan jan rubutu a tsakiyar allo.

"Sun rufe mini shiga," in ji shi. "Baba ya biya tsohon kuɗin, daga baya suka yi ƙarin. Wanda bai cika ba, ba lacca, ba jarrabawa. Jarrabawar kuma mako mai zuwa ce. In ta wuce ni, sai na maimaita shekara."

"Ubanka ya sani?"

"Mutumin da aka ce ya zauna gida ba albashi? Kin ga yadda yake zama a tsakar gida yana kallon bango. In gaya masa ya yi yaya?"

"Shi ne ka zaɓi ka zo ka riƙa yi wa matarka wasan kwaikwayo."

"Na ga idonki ya mutu, na ce ba za ki gane ba."

"Idon da ya zura allura yanzu a gabanka?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ai shi ya sa nake leƙo ki kullum da asuba. Na ce ko Allah zai sa gado ya faɗo kafin jarrabawa."

"Gadon me?"

"Keken nan. Da akwatin."

"To ɗauke jami'arka daga kai, ka buɗe akwatin ka ga rabonka."

Duk gidan an san abin da ke cikin akwatin nan. Farin yadi ne mai kyau da Kaka ta saya wa kanta tun da daɗewa, ta ce likkafaninta ne, ba ta son ranar a tsaya ana karo-karo a kanta. Takan fito da shi ta shanya, ta sa masa turare, ta mayar. Furofesa ya sha gaya mata cewa asu zai riga ta amfana da shi. Ya ɗaga murfin. Babu yadi, sai 'yan ƙyallaye farare da wani tsohon gwangwanin madara.

"Ina likkafanin?"

"Yana yawo a gari."

"Ban gane ba."

"Yana kan hancin mutane. Mai kantin magani ya ce fararen takunkumi ake nema, kasuwar yadi kuma a rufe. Na duba na ga yadi mai kyau yana kwance yana jiran wadda ba ta da niyya."

"Kaka! Kin ɗaura wa bayin Allah likkafani a fuska?"

"Sabo ne dal, ba wanda ya taɓa mutuwa a ciki. Shi kansa mai kantin da shi yake wuni, har yana yaba laushinsa. Buɗe gwangwanin."

Ya buɗe. Kuɗi ne a nannaɗe, an ɗaure da bakin yadi, duk abin da keken ya samo tun da aka rufe gari.

"Zai kai ƙarin," in ji Kaka. "Ran da shugabanku ya yi jawabin ƙarin kuɗi abin kunnenka ya lalace, ka saki murya a ɗaki. Da ni aka yi taron."

"Ashe kin sani kike tambayata."

"Ina so in ji ko bakin naka yana yin wani aiki ban da zagina."

Furofesa ya riƙe gwangwanin da hannu biyu. Ya san ran da ta sayi yadin nan, ya san yadda take taƙama da shi, kuma abin ya taɓa shi ƙwarai. Ya ɗago ya dube ta.

"In kika mutu gobe fa, a me za a sa ki?"

"Shi ya sa ba zan mutu ba. Sai ka gama, ka samu aiki, ka sayo mini sabo da albashinka na farko. Mai kauri nake so, ba irin wanda ake hango mutum ta ciki ba. In kuma ka faɗi jarrabawa, ka ƙara mini shekara guda ke nan, kuma a kanka zan yi ta."

Dariya ta ƙwace masa, ya sa bayan hannu ya goge ido. "Na sallama, Tsohuwa. Kin ci. Na mayar da aurenmu."

"Wa ya ce ina so? Tashi ka je banki kafin layi ya yi tsawo. Tsaya, haka za ka fita?"

Ta jefa masa takunkumi fari. Ya juya shi a hannu, ya shinshina, ƙamshin turaren akwati na nan a jikinsa. Ya ɗaura. Kaka ta mayar da tabarau, ta taka keke, ɗaki ya ɗauki ƙara. Da ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, ya ɗaga hannu.

"Kaka, tsaya, zan yi magana."

Ta dubi hannun ta saman tabarau, ba ta ɗauke ƙafa daga feda ba.

"Ajiye shi sai gobe ƙarfe tara," in ji ta.