Feshin da Na Yi wa Lemun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara manoma a lambun surukina don su ga ilimina ba. Sun kuwa gani. Lokacin watana uku da fara aikin malamin gona a Mubi, watana biyar da aure, kaina cike da takarda.

Baba Hammajam, mahaifin matata, yana da lambun lemu a bakin mayo, wato rafi, can Muchalla, itace wajen arba'in, duk da hannunsa ya dasa su. A shekarar 'ya'yan suka fito ƙanana, bakin tsofaffin ganyen ya bushe kamar an babbaka. Ina gani na ce ƙarancin takin fotash ne (a nan dai ban yi kuskure ba, ina so a shaida). Na yi masa bayani cewa akwai takin da ba a ƙasa ake zuba shi ba, narkar da shi ake yi a ruwa a fesa a ganye, itacen ya sha ta nan, 'ya'ya su yi girma su yi zaƙi. Ya saurare ni har na gama. Ya ce shi bai taɓa jin itace ya ci abinci ta ganye ba, amma tunda na yi karatu, in gwada a layin bakin hanya, itace shida. A raina na ji haushi, ni duk lambun na so.

Famfon feshin a Kolere na aro shi, wajen wani abokina mai noman masara. Na iso da sassafe kafin rana ta yi zafi, na auna garin daidai yadda aka koya mana. Ina cikin damawa Baba ya tsaya a kaina.

"Malam, famfon nan ka wanke shi?"

Na ce an wanke. Gaskiya ban sani ba. Nauyi kawai na ji in ce wa suruki ban duba ba, ni da na zo koyar da shi.

Na gama feshi, na bi manoman unguwar na gayyace su nan da kwana goma. Ana gobe ranar matata ta ce Baba ya aiko in leƙa lambun tukuna. Na ce mata ai ba sai na leƙa ba, na san aikina.

Mutum sha biyar suka zo, wasu a kan babur. Na tare su a bakin hanya tun kafin a kai ga shinge, na shiga bayani, har da ɗaga yatsa. Sannan na ce su biyo ni su gani da idonsu. Muna shan kwana na tsaya cik. Itacen shidan nan ganyensu ya nannaɗe ya murɗe, wani ya zube, ƙananan lemu birjik a ƙasa. Nan take na tuna abin da mai masara ke zubawa a famfonsa: maganin ciyawa.

Ba wanda ya yi dariya (da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi). Wani dattijo, Malam Yakubu, ya tambaye ni a hankali ko haka takin yake fara aiki kafin ya gyara.

Baba ne ya ce su zo. Ya kai su ƙarshen lambu, ya nuna musu itace biyu, ganye shar. Ashe ragowar garin da na bari ya dama a wani famfonsa da ban san yana da shi ba ya fesa musu.

"Maganin ɗana ba shi da laifi," in ji shi. "Famfo ne ba a wanke ba. Ni ma na ji wari, ban matsa masa ba."

Wato ya ɗauke mini rabin kunyar ya ɗora wa kansa, a kan itacen da ya yi shekaru yana ba ruwa. Bai sake tayar da maganar ba. Huɗu sun farfaɗo da damina ta zagayo, biyu sai sarewa aka yi.

Yanzu manoma da dama a wajen suna fesa fotash, ni ne ma nake auna musu. Amma in an tambaye ni abin da ban duba ba, sai in ce ban duba ba. Wannan kunyar minti ɗaya ce. Waccan kuwa, har yau in na je gaida Baba, kututture biyu ne ke fara yi mini sannu da zuwa.