Ranar da Na Zama Kakar Falmata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ɗauko ni a mota daga Biu zuwa Gombe, alhali ina zaune a gindin darbejiya a unguwar Nasarawo, cikin garin Gombe.

Lokacin ina sabuwar malama a wata makarantar ƙananan yara, a shekarun da gari ya cika da shingen sojoji da baƙin da rikici ya koro daga Borno. Shugabarmu, Madam Rifkatu, mace ce mai ƙa'ida. A wurinta iya ƙirga kaɗai ba ya kai yaro aji ɗaya, sai an auna yadda yake wasa cikin 'yan uwansa: kallo ne nasa, ko yana shiga, ko ma shi ke jan sauran. Ni aka ɗora wa aunawar (ni da ko carafke ban taɓa ci ba a yarintata).

Damuwata ɗaya ce, Falmata. Daga wani ƙauye kusa da Biu iyayenta suka gudo da ita. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa shiga wasa ba, sai dai ta jingina da bango tana kallon takalminta. Madam ta ce in mako ya ƙare a haka za ta maimaita aji, sauran su wuce su bar ta. Abin ya tsaya mini a rai. Na yi rarrashi, na yi waƙa, har langa na yi da girmana. Ko kallo ban ishe ta ba.

Ranar Alhamis Madam ta ce, "Malama, kin cika sa baki. Ki zauna kamar ba kya wurin."

To, na zauna kamar ba na wurin, har na zarce. An yi ruwa da safe, ƙasa na ƙamshi, iska na kaɗa ganye, ga ɗanwaken da na loda (da ƙwai, kar in ɓoye muku). Muryoyin yara suka riƙa yin nisa a hankali. Sai ga ni a cikin mota, muna gangarowa ta Dadin Kowa, ruwa na ƙyalli, shanu na kiwo a gefen hanya. Ba shinge ko ɗaya, ba mai cewa a sauko a ɗaga hannu. Can nesa ina jin kwandasta na kiran Gombe, Gombe, wani kuma ya gyara mini mayafi. Rabona da irin wannan natsuwar har na manta.

Aka taɓa kafaɗata. Ban ko buɗe ido ba na ce, "Direba, ba nan ba, sai Jekadafari."

Da na buɗe, Madam ce tsaye a kaina, malamai biyu a bayanta suna danne dariya. Bakina a hangame, yawu har haɓa. An tula mini kulolin abinci da takalma a cinya, an ɗaura mini rigar sanyin wani a ka. Yara sun jera benci a bayana, kowa ya zauna tsaf. A gaba kuwa Falmata ce, riƙe da murfin bokiti tana murza shi kamar sitiyari.

"Malama," in ji Madam, "aunawar ke nan?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in nemo ƙaryar da zan yi, Falmata ta juyo, da muryar da ban san tana da ita ba.

"Madam, kar ki tashe ta. Kaka ce, ƙafarta na ciwo. Wancan karon mota ta cika, aka bar ta a gida."

Dariyar malaman ta ɗauke. Madam ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta tattara zaninta ta matso kusa da benci.

"Direba, akwai wuri?"

"Akwai. Yau kowa zai shiga."

Daga baya Madam ta faɗa mini ta taga ta ga komai. Ina fara gyangyaɗi Falmata ta bar bango, ta raba wa kowa wurin zama, ta naɗa kwandasta, ta ce kar a yi mini hayaniya. Falmata ta wuce zuwa aji ɗaya tare da 'yan uwanta. Ni kuwa har na bar makarantar ba wanda ya sake kirana Malama, Kaka kawai, hatta mai gadi.

Aikin da ya fi kowanne kyau a koyarwata, ina barci na yi shi. Akwai yaron da ba ya wasa sai babba ya ɗauke masa ido. Sai dai in za ka ɗauke, don Allah ka rufe bakinka tukuna.