Fim ɗin Balbela da Akwatin Najiba

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Sai dai baiwar Allah, daga ina? Ban waye ki ba."

"Au, idon ma ya bi haƙoran? Ina yini, mijina."

"Ni ba ni da mata mai zuwa Dakar. Tawa tana nan Akébé, ko bakin titi ba ta zuwa sai ta tambaye ni."

Alhaji Mahamman ke nan da jikarsa Najiba, mai kiransa Papi, a ƙofar butik ɗinsa, wato shagonsa da ke unguwar Akébé, ruwan la'asar ya ɗauke, kwalta na ta tururi. Tun yana saurayi ya baro Garwa ya zo Libreville, kuma tun lokacin sana'arsa ɗaya ce: sayar da akwatunan tafiya. A gidansa akwai wata al'ada da ba wanda ya san ranar da aka kafa ta. Duk wanda zai yi nisa, daga hannun Alhaji yake karɓar akwati. In ya miƙo maka, ya sa maka albarka ke nan. In bai miƙo ba, sai ka kwance kayanka.

To ga Najiba ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta samu gurbi a wata makarantar koyon haɗa magunguna a Dakar. Mahaifinta Isma'ila ya ce ya yarda, amma sai Baba ya ba da akwati. Makarantar kuwa tana jiran amsa a cikin makon nan, in ba ta ji komai ba ta ba wani. Da farko tsohon ya fara saukowa. Sai wani fim ya shigo tsakani.

Da aka yi salla, matasan unguwa suka kwashi iyaye da kakanni zuwa silima a cikin gari, wai a yi kallo tare. Fim ne na zane, irin wanda yara ke so, labarin wata 'yar balbela da kakanta mai karyayyen fiffike. Tun daga ranar unguwa ta rabu biyu. Dattawan majalisar bakin masallaci suka ce guba ce aka zuba wa yara a cikin zuma. Matasa da iyaye mata suka ce ba su taɓa ganin fim mai kama zuciya kamarsa ba. Shugaban masu suka kuwa, ba wani ba ne, Alhaji Mahamman ne.

"Ni ciniki ya kawo ni," in ji Najiba. "Akwati nake so, babba, mai taya huɗu."

"Sun ƙare."

Ta ɗaga kai ta dubi akwatunan da aka jera har suna taɓo rufi. "Waɗannan fa, buhunan gawayi ne?"

"Na mutane ne. An saya, ba a zo ɗauka ba."

"Duka?"

"Duka. Har daga garin Ntoum ake bugo mini waya."

"Kai Papi, ka ji tsoron Allah. Wancan jan tun ina firamare yake wurin. Gizo-gizo ya aurar da 'ya'yansa a ciki."

"To sai ki jira su tashi. Ni ba na korar 'yan haya." Ya gyara zama a kujerarsa ta roba. "Ke da tuwonki ke gudu a kwano, wa zai ba ki maganin mutane ki haɗa? Ki je ki kwantar da rabin Senegal, a zo Akébé a kama ni."

"Ai saboda kai zan je. Miji ya lalace, gwiwa na kuka kamar ƙofar butik ɗin nan. Gara in koyo gyara da kaina, kada wata likita ta ƙarasa mini kai."

"Gwiwata ta fi taki. Ni da ƙafa na zaga garin nan lokacin da ubanki bai san hanyar bakinsa ba."

"Shi ya sa ta ƙare."

Alhaji ya so ya yi dariya, ya danne. In ya yi dariya yanzu, yarinyar nan ta samu ƙofa. Ya nuna ta da sandarsa.

"Na ga irinki a bangon silima, ƙatuwa, fara sol, da dogon wuya kamar naki. Tsoho ya rene ta, ya koya mata yadda ake bin shanu ana cin fara. Ranar da tafki ya ƙafe, garke ya tashi, sai ta dube shi a kan busasshiyar bishiya, ta yi ɗan hawayen ƙarya, ta buɗe fiffike ta bi shanu. Shi ke nan. Aka kashe wuta, aka sa mana kiɗan makoki. Wannan shi ne abin da kuke tafa wa. Ku ce mana a fili mana, kun gaji da mu."

Ya faɗe shi da muryar wasa, amma ƙarshen maganar ya fito da nauyin da bai yi niyya ba. Najiba ta ji. Ta jawo wani ƙaramin akwati ta zauna a kai, tana murza bakin mayafinta.

"Papi, da ka ga an yi duhu, me ka yi?"

"Me zan yi? Fim ya ƙare, magariba ta yi, wayar abokina Talha ta kira salla a aljihunsa. Muka tashi mu dattawa, muka fita kamar mutanen kirki, muka shimfiɗa darduma a inda ake ajiye motoci."

"Mu fa?"

"Ku kuna can kuna layin gugguru. Sai da muka idar, muka yi lazimi, sannan kuka fito ido jajur."

"Gugguru ke sa ido ja?"

"Wa ya san abin da suke zuba masa."

"Ba mu je layin gugguru ba, tsoho. Fim bai ƙare ba. Dare ne ya yi a cikin labarin. Kuna fita gari ya waye."

Wata taksi ta wuce ta watsa ruwan kwata a bakin butik, Alhaji bai ko zage ta ba. Mako guda cur yana tsaye a majalisa yana kwatanta wa mutane mugun ƙarshen fim ɗin nan, har da ɗaga sanda. Har liman ya gyaɗa masa kai. Ashe labari na can yana tafiya, shi yana waje yana neman alƙibla. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Amma tsohon ɗan kasuwa ba ya faɗuwa bai riƙo wani ba.

"Wato kuna zaune, magariba na wucewa, kuna kallon tsuntsun ƙarya!"

"Ka ga dalilin da ya sa ba wanda ya faɗa. Duk wanda ya ce ya ga ƙarshe, ya tona wa kansa asiri. Mun yi sallarmu da muka fito, Allah ya gani, amma wa zai tsaya gabanka ya yi wannan bayani? Baba ma ya gani."

"Isma'ila?"

"Har da sharar hawaye da hula."

"Ɗan nan kullum sai ya gaishe ni, ina zagin fim yana cewa haka ne, Baba."

"To me zai ce? Shi ba ya iya duban idonka ya ce ka yi kuskure. Ni kuwa don wannan aikin aka haife ni."

Alhaji ya ɗauki tsumma ya shiga goge wani akwati da ba ƙura a jikinsa. Ya goge murfi, ya goge hannu, ya koma murfi.

"Ni ba ruwana da ƙarshensa," in ji shi. "Zanen yara."

"To madalla. Bari in tafi gida."

"Wa ya kore ki? Ƙasa duk santsi, ki faɗi a ce ni ne. Zauna ta bushe." Ya yi gyaran murya. "Shi tsohon, mutuwa ya yi a bishiyar, ko?"

"Akwati tukuna."

"Ni za ki yi wa ciniki? Ni da na sayar wa mutum akwati alhali ba shi da inda za shi?"

Najiba ta yi dariya, sannan ta girgiza kai. "A'a, bar shi. Ba na son akwatin da aka saya da labari. Zan ba ka kyauta, sadakar tsofaffi." Ta gyara zama. "Da gari ya waye, tsohon ya duba ƙasa, sai ya ga wani gurgun sa da makiyaya suka bari a baya, ƙudaje sun dame shi. Ya lallaɓa ya sauko, ya haye bayansa. Ya ce, ni in cire maka ƙudaje, kai ka zame mini ƙafa. Suka kama hanya, taku ɗaya, hutu biyu."

"Yawwa!" Alhaji ya buga sanda a ƙasa. "Namiji! Ai na san ba zai zauna yana jiran tausayin yara ba. Ka ji ɗan kasuwa. Ita fa mai dogon wuyan?"

"Ita kuma sun yi nisa, har sun fara jin ƙanshin ruwa. Sai ta kasa cin komai. Ta bar garke, ta juyo ita kaɗai."

"Ta juyo ina?"

"Wurinsa mana. Ta sha iska, ta sha shaho, ta iso bishiya ta tarar ba kowa. Ai nan ne silima ta rikice da kuka."

"Shi yana gaba, ita ta dawo baya?"

"Sun saɓa a hanya."

"Kai, amma an yi sakarar tsuntsuwa!" Alhaji ya miƙe tsaye, gwiwa ta yi ƙara bai kula ba. "Wa ya aike ta? Tsoho ya ɓata shekaru yana koya mata hanya, ta kai bakin ruwa, sai ta juyo ta zo ta yi wa itace kuka? To wahalarsa ta tafi a banza ke nan! Da ta yi gaba ai da ya same ta a can, ta yi ƙiba, ta san wuri, ta tarbe shi. Yanzu ga shi ba ta ga ruwa ba, ba ta ga tsoho ba."

Wannan abu ya san shi, ba a fim ba. Samari nawa suka sauka garin nan da zafinsu, kewar gida ta mayar da su tun ba su kafa ƙafa ba? A wurinsa suke sayen akwatin komawa. Bayan shekara ka ji labarinsu, ba su zauna a can ba, ba su dawo nan ba.

"Mai tafiya ba ya juyowa a tsakiya," ya ci gaba, yana huci. "In ka tashi, ka kai. Na baya su san yadda za su yi da kansu, ba jarirai ba ne. In da ni ne kakanta, da na…"

Sai ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya tsaya da sanda a sama. Najiba ko murmushi ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, kuma wannan ya fi masa zafi a kan duk tsiyar da ta yi masa yau. Ya koma ya zauna a hankali.

"Sun haɗu?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba a nuna ba. An dai nuna shi a bayan sa, a kan tudu, ya ɗaga kai ya hango wani farin abu can a sama. Sai aka rufe. Mu ma da muka ga ƙarshen ba mu daina musu ba. Wasu sun ce ita ce, wasu sun ce gajimare ne."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ita ce. Kai fa?"

"Ni da ban gani ba?"

"Yaushe rashin gani ya taɓa hana ka magana?"

Dariyar da yake dannewa tun ɗazu ta ƙwace masa. Ya yi ta har da tari, har maƙwabcinsa mai gyaran waya ya leƙo. Da ya samu numfashi, ya share ido da hannun riga, ya daɗe yana sharewa fiye da yadda dariya ke bukata. Sannan ya shige can cikin butik, ya yi ta motsi da kaya, ya fito yana turo wani baƙin akwati babba, ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba.

"Mai shi ya fasa saye," in ji shi.

"Yanzu ya bugo waya?"

"Yanzun nan. Ba ki ji ba, kunnenki ya tsufa." Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya yi addu'a a ciki, leɓɓansa na motsi, ya shafa. Sannan ya ɗago. "Sharaɗi ɗaya. In kin tafi, ban yarda ki juyo a rabin hanya ba, ko an ce miki gwiwar ta cire gaba ɗaya. Ki kai bakin ruwa. In na matsu, ni zan nemi sa in hau in same ki."

Najiba ta kama hannun akwatin da hannu biyu. Ta ɗago ta dube shi.

"Sa ɗin da zai ɗauko ka har Dakar, Papi, sai an haɗa masa da addu'a."

"Ja'ira," in ji Alhaji Mahamman, yana dariya yana kora ta da sanda. "Ɗauki ki tafi, kafin hankalina ya dawo."