Manhajar da Ta Ƙi Alhamdulillahi

Nafi'u abokina dai kun san shi da cika baki. Tun da ya koyi rubuta manhajar kwamfuta ba mu huta ba. Bana wata ƙungiya ta ɗauke shi rabon gidan sauro a ƙauye, shi ya tsara manhajar rajistar. Abin da ya fi taƙama da shi gurbin yawan 'ya'ya: duk abin da aka shigar, sai manhajar ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, in lamba ce daga sifili zuwa tara ta bari ya wuce, in harafi ne ta yi ja ta kafe. Ba lamba, ba gidan sauro. Ga damina ta kankama, sauro har da rana cizo yake. Ana cikin layi sai ga wata dattijuwa, Iya Tabawa, irin mutanen da ko da wuƙa a wuya ba sa ƙirga 'ya'yansu don tsoron baki.

Nafi'u ya ce, "Iya, 'ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Alhamdulillahi."

"Na'am, mun gode Allah. Su nawa ne?"

"Ai na faɗa maka. Rubuta."

Don ya burge layi, gogan naka ya rubuta ɗin, allo ya yi ja wur. Ya juyo mata da shi, ya gyara zama, ya shiga bayani tiryan-tiryan: "Kin gani? Tun a harafin farko ta tsaya. Tambaya ɗaya take wa kowane: kai lamba ne? In ba lamba ba ne, waje!"

Iya ta riƙe haɓa. "Oh ni Tabawa! Yau ga abin da ake ce wa Alhamdulillahi ya ɓata rai. Wane mara kunyar ne ya koya mata?"

Ya daki ƙirji. "Ni na rubuta ta da hannuna."

"Ayyo. To kai ɗan nan, naka nawa?"

Wallahi sai muryar Nafi'u ta yi ƙasa. "Ban yi aure ba tukuna, Iya."

Ta ce, "To sa mata naka ta huce, sifili ai lamba ce. Ni kuma miƙo mini gidan sauro tara, gidan sauro ai ba ni na haife su ba."