Kwalabe Biyu, Suna Ɗaya

Idan ana maganar ilimi, dole a tsaya a gaida Farfesa Ni-Na-Gano. Allah ya hore masa basira har ta yi masa yawa, shi ya sa yake gano abubuwa ko yana gida yana barcin rana. Ɗalibai su yi wata da watanni suna fama a ɗakin gwaji, shi kuma ya shigo da ƙamshin turarensa ya gano. Shekara goma rabonsa da sa safar hannu, amma farar rigarsa ta fi ta kowa shan guga.

Babbar ɗalibarsa, wadda ake kira Uwar Ƙwayoyi saboda yadda take lallaɓa ƙwayoyin halittar da take reno, ta yi shekara huɗu a kan tambaya ɗaya: me ke riƙe ƙwayoyin da suka shimfiɗe a fata da cikin hanji, har su manne da juna ba ɓaraka? Ta nuna cewa ƙugiyoyin da ke gefen kowace ƙwaya ba sa riƙo su kaɗai. Akwai siririn zare a ciki, ana ce masa aktin, ya zagaye ƙwayar kamar ɗamara yana ɗaure ƙugiyoyin. Da zarar zaren ya tsinke, riƙo ya saki. Ta rubuta, Farfesa ya gyara waƙafi biyu, ya ɗora sunansa a sama. Abin ya ci mata rai, ta haɗiye.

Ana saura sati guda masu jarrabawa su zo duba aikinta, Farfesa ya lura duniya na iya mantawa da shi. Ya sa aka bugo sitika mai ruwan zinare ɗauke da sunansa, aka manna a firji, a kujeru, har a kwandon shara. Kwalabe ma ba su tsira ba, aka rufe rubutun jikinsu ruf.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "waɗannan biyun sun zama iri ɗaya. Wannan abincin ƙwayoyi ne, wannan kuma maganin tsinka zaren."

"Ɗiyata, ƙaramin ɗalibi ne ke karanta kwalba. Mu da muka kai inda muka kai, da ido muke gane ruwa."

Sai ta ajiye abincin a dama, maganin a hagu, ta yi addu'a. Farantin ƙwayoyi ɗaya tak ya yi mata kyau, renon sati shida. In masu jarrabawa ba su ga ƙwayoyin a raye suna riƙe da juna ba, digirinta sai baɗi.

Ranar jarrabawar, ta fita tarbo baƙi. Kafin ta dawo, Farfesa ya gyara teburi don hoto ya yi kyau, ya jera kwalaben yadda suka dace da tsayinsa. Ta shigo ta tarar da shi yana ɗiga ruwa a farantinta, mai hoto na ɗauka. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata yatsa.

Aka haska ƙwayoyin a allon bango, ga su jere kafaɗa da kafaɗa, gwanin sha'awa. Farfesa ya juya wa allon baya ya fara jawabi.

"Abin da kuke gani, ni ne. Yadda zaren nan ke riƙe ƙwayoyi, haka nake riƙe da sashen nan. Ba don ni ba, da kowa ya kama gabansa."

Minti arba'in yana yi. A bayansa ɗamara na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙwayoyi na tsukewa, kowace na janye jiki daga maƙwabciyarta. Baƙi suka ƙura ido, Farfesa ya ɗauka fasaharsa ce ta kama su, ya ƙara murya. Uwar Ƙwayoyi na tsaye tana kallon sati shida suna watsewa, hawaye ya cika mata ido.

Da ya waiwaya, bai ko girgiza ba. "Da gangan na yi, don ku ga bambanci."

Shugabar masu jarrabawa, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗauki biro. "Madalla. Me ka zuba musu suka rabu haka, in rubuta?"

Farfesa ya ɗaga kwalbar, ya juya ta gaba, ya juya ta baya. Abu ɗaya ne rubuce a jikinta, da ruwan zinare.

Uwar Ƙwayoyi ta share ido, ta buɗe littafin aikinta. A gurbin da ake rubuta abin da ya wargaza ƙwayoyin, ta kwafe abin da ke jikin kwalbar harafi da harafi. A shekara huɗu, wannan ne karo na farko da ta sa sunansa a kan aikin da shi ya yi da hannunsa.